Hantsakin Malama

Famfon banɗaki yana zuba, amma ba wanka Malama take yi ba. Tana tsaye gaban madubi, ta ɗaga haɓa sama kamar mai haɗiyar ƙwayar magani, ɗan hantsaki a hannun dama, yatsan hagu yana lalube a kan fata. Duk inda yatsan ya ji tsini, hantsakin ya bi ya cafke. Ba ta ma buƙatar tabarau, hannun ya san hanya. Sama da shekara talatin ke nan tana wannan aiki kowace safiya, ruwan kuwa tana barin sa yana zuba ne don kada wani ya tambayi abin da ya riƙe ta.

Ita ce shugabar makarantar firamaren unguwarsu. Yara kan ji ƙarar takalminta daga nesa su nutsu, malamai kuma su gyara zama. Amma duk wannan kwarjini, a duniya babu abin da take tsoro kamar a turo ƙofar nan tana cikin aikinta. A ganinta, daga ita sai Mahaliccinta, babu wanda ya san tana da gashi a haɓa.

Safiyar nan har ta tsunkuli fata. Maganar da Auta ta yi mata jiya ce ta ƙi barin kunnenta.

Auta ita ce ƙaramar 'yarta, tana shekara ta biyu a jami'a. Tun tana sakandare gashi ya fara fito mata a haɓa da gefen muƙamuƙi, baƙi wuluk, mai kauri, ya fi na uwar yawa nesa ba kusa ba. An kai ta asibiti, an gwada jini, an ba ta magani. Maganin ya rage masa gudu, amma bai kore shi ba. Ta tsige, ta aske, ta shafa man cire gashi, har haɓar ta yi ƙuraje, ƙurajen suka mutu suka bar baƙaƙen tabo. Takunkumin fuska na lokacin annoba, wanda kowa ya daɗe da jefarwa, ita har yau da shi take fita. Yarinyar da a da sai an roƙe ta ta yi shiru, yanzu abincinta ma a ɗaki take ci.

Jiya da yamma ta samu Malama a kicin, ta tsaya jikin ƙofa tana murɗa igiyar takunkumin.

"Umma, akwai wata likitar fata da take cire gashi da hasken leza. Na'urarta irin wadda ta dace da baƙar fata ce. Na yi bincike sosai."

Malama ta ci gaba da yanka albasa, ba ta juyo ba.

"Kin manta fuskar Antinki?"

"Ban manta ba."

"To?"

"To shi ya sa nake gaya miki. In kin ce a'a, ba zan je ba."

Wannan ta ƙarshen ce ta hana Malama sakat. Da yarinyar ta yi tsiwa, da ta buga ƙofa, da abin ya zo da sauƙi, don Malama ta iya da masu tsiwa. Amma sai ta ɗauki fuskarta sukutum ta ɗora a hannun uwarta, ta koma ɗaki.

Da aka tashi makaranta, Malama ta biya shagon ƙanwarta, wadda kowa ya bi bakin yara yana kira Anti. Labule take ɗinkawa. Shekarun baya ta je wani shagon gyaran jiki a cire mata gashin gefen fuska, ta dawo kumatunta sun yi bororo kamar an watsa mata tafasasshen mai. Malama ce ta yi jinyarta. Da fatar ta warke sai ta warke dabbare-dabbare, wani wuri fari, wani wuri ya fi asalin launinta duhu, haka kuma ta zauna har yau.

"Yaya, labule kika zo gani ko fuskata?" in ji Anti, ƙafarta na kan keken ɗinki. "Tun da kika shigo idonki na kan taswira."

Taswira shi ne sunan da ta raɗa wa kumatunta.

"Auta ce take son a yi mata abin da aka yi miki."

Keken ya tsaya.

"A ina?"

"Wai wurin likitar fata."

"To ai ba abin da aka yi mini ba ke nan. Ni wadda ta yi mini, da safe ta wanke wa wata kai, da rana ta yanke wa wata farce, da yamma ta ɗauko na'ura ta gasa ni. Ko tambaya ɗaya ba ta yi mini ba. Da na ce mata akwai zafi, sai ta ce alamar yana aiki ne."

"Har kina dariya."

"To kuka zan yi? Na yi wanda zan yi, ke kika riƙe mini tawul." Ta ciji zare ta tofar. "Yaya, ni fa na manta rabon da in ga bakin yarinyar nan. Tawa fuskar ta ɓaci, amma a buɗe take."

Malama tana kallon iyakar da farin ya haɗu da baƙin a ƙarƙashin idon ƙanwarta, sai zuciyarta ta ɗauko wannan taswira ta manna a fuskar Auta. Ta nemi kujera ta zauna.

A hanyar gida ta samo mafita, irin wadda uwa ce kaɗai za ta ga hikimarta. Tun 'ya'yanta suna jarirai ba ta taɓa saka ɗayansu a ruwan wanka ba sai ta tsoma gwiwar hannunta ta ji zafinsa. Maganin tari ma sai ta lasa kafin ta ba su. To wannan ma haka za a yi. Tana da haɓa, tana da gashi. A fara gwada hasken a kanta. In ya ƙona, ya ƙona tsohuwar fata.

Asibitin yana hawa na biyu a wani dogon gini, tsakanin ofishin lauya da wurin gwada ido. Malama ta zaɓi kujerar lungu, ta rungume jaka, tana addu'ar kada uwar wani ɗalibinta ta shigo. Da aka kira ta, ta tarar likitar yarinya ce da ba za ta girmi babbar 'yarta ba, baƙa ce sosai, ta ɗaure gashinta baya. Baƙar fatar ta ɗan kwantar wa Malama da hankali. Ƙuruciyar kuma ta sake tayar da shi.

"Sannu da zuwa, Mama. Me ke tafe da ke?"

Macen da ke tsayawa gaban ɗaruruwan yara ba lasifika, sai ga ta tana raɗa.

"Gashi ne. A nan."

Likitar ba ta ko ɗaga gira ba. Ta tambaye ta magungunan da take sha, ta tambaya ko tana shafa man bilicin, ko rauni yakan warke mata da tabo mai tudu. Sannan ta jawo wata fitila mai gilashin ƙara girma, ta ɗaga haɓar da yatsa biyu.

"Yaushe kika tsige na ƙarshe?"

"Ɗazu da safe."

"Ai kuwa kin share gonar tas, ban ga ko ɗaya ba. Wane launi ne?"

"Baƙi mana," in ji Malama, don haka ta san shi tun tana budurwa.

Daga nan ta karɓi ragamar tambaya, ta titsiye likitar kamar mai neman aikin koyarwa. Me ya sa yake ƙona wasu? Me ya bambanta wannan na'ura da ta shagunan gyaran jiki? Likitar ta jingina da tebur.

"Hasken nan baƙi yake nema, Mama. Bai san gashi ba, bai san fata ba, inda ya ga baƙi nan yake sauke zafinsa. Mai farar fata gashinta ne kaɗai baƙi, sai aiki ya zo da sauƙi. Ni da ke kuwa fatar ma baƙa ce. In aka ɗauko na'urar da ba ta dace ba, ko aka cika mata ƙarfi, sai zafin ya tsaya a fata tun bai kai ga saiwar gashi ba. Tamu haskenta ya fi nutsewa ciki, kuma tana hura sanyi a wurin. Duk da haka ba na fara wa kowa sai na gwada a ɗan wuri, mu jira mu ga yadda fatar za ta amsa."

"Kin taɓa ƙona wani?"

"Na taɓa samun wadda fatarta ta yi duhu na wasu watanni. Ta ɓoye mini tana shafa mai. Ba zan ce miki babu hatsari ba."

Amsar ta burge Malama, ko da yake ba ta nuna ba. Ta fi yarda da ɗalibin da ya san iyakar saninsa.

"To a yi gwajin yanzu."

"Ba zai yiwu ba. Kin cire saiwar, hasken ba shi da abin nema. Sai kin ajiye hantsaki na wasu makonni. In ya dame ki, ki aske ko ki rage da almakashi, amma ban da tsigewa. Kwanakin ƙarshe kuma ki bar shi ya ɗan fito in gani."

Malama ta dube ta kamar ta ce mata ta fita titi ba zane.

Ta kai hantsakin makaranta ta kulle a aljihun teburin ofis, don ta san in yana gida ba za ta iya ba. Kwanakin farko da sauƙi. Daga nan tsinin ya fara fitowa, hannunta kuma ya ƙi zama wuri ɗaya. Ana cikin taron malamai sai ta tsinci yatsanta a haɓa. Duk yaron da ya ɗaga kai ya dube ta, sai ta ga kamar wurin yake kallo, ta daka masa tsawar da bai ci ba. Askewa kam ta rantse ba za ta yi ba, sai dai ta bi da ɗan almakashi. Ta koma naɗe mayafi ta ƙarƙashin haɓa, a makaranta da gida, har a kicin kan wuta.

"Haƙori ne," ta ce da maigidan, da ya tambaya.

"Allah ya sawwaƙe," in ji shi, yana juya cokali a shayi. "Ɗaya ta rufe baki, ɗaya ta ɗaure haɓa. Ni ma bari in nemi bandeji, kada a ce ba ɗan gidan nan ba ne."

Ba wanda ya yi dariya. Ya dubi matarsa ta saman tabarau na ɗan lokaci, ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya fasa ya kurɓi shayinsa.

Auta ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai idonta yana tambaya duk lokacin da suka haɗu a tsakar gida. Malama takan ce, "Ina kan tunani," ta wuce da sauri. Wata ranar aiki ta dawo ta tarar da takalmin yarinyar a inda ta bar shi da safe. Ta leƙa ɗaki, ta same ta kwance ta juya wa ƙofa baya.

"Ba ki je makaranta ba?"

"Yau kowa zai tsaya gaban aji ya gabatar da aikinsa. Malamin ya ce ba zai saurari wanda bai ga bakinsa ba."

"To sai ki bar maki ya wuce ki?"

"Umma, ina ganin zan ajiye karatun bana. In huta."

Malama ta riƙe ƙofar da kyau. Tsoro biyu suka sa ta a tsakiya. In ta ce e, tana iya mayar da 'yarta Anti ta biyu. In ta ci gaba da jan ƙafa, ga yarinyar tana narkewa a gabanta. Ta so ta ce mata ta ƙara haƙuri kaɗan, ana nan ana gwada mata ruwan. Amma faɗin haka yana nufin kwance mayafi, shi kuma ba ta shirya ba.

Ana gobe za ta koma asibiti ta kulle banɗaki, ta sa tabarau, ta kwance mayafin, ta dubi abin da ta shafe rabin rayuwarta tana hana shi ganin rana. Sai ta ga haɓar kamar an barbaɗa mata gishiri. Fari ne kusan duka, baƙin sai jefi-jefi.

"Har nan furfura ta biyo ni," ta ce a ranta. Ta ji haushin tsufa, ta mayar da mayafinta, ba ta kawo komai a ranta ba.

Likitar ta daɗe tana dubawa a ƙarƙashin fitilar. Ta juya haɓar hagu, ta juya ta dama. Da ta kashe fitilar ba ta nufi na'urar ba, kujera ta jawo ta zauna. Nan take Malama ta sha jinin jikinta.

"Mama, kin tuna na ce miki baƙi hasken yake nema?"

"Na tuna."

"Naki ya yi furfura. Ba zai gan shi ba. Ko na yi miki, wahalar da ke kawai zan yi. Da shekarun baya ne, lokacin yana baƙi, da ya yi aiki sosai."

Ba don kanta ta zo ba, haka Malama ta yi ta gaya wa zuciyarta. Amma da aka ce ya wuce, sai abin ya yi mata zafi. Ashe a makonnin nan, can ƙasan rai, ta fara ƙiyasta safiyar da za ta shiga banɗaki ta yi wanka kawai ta fito.

"Akwai wata hanya ta allura," in ji likitar a hankali. "Ana bin gashin ɗaya bayan ɗaya."

"Ɗaya bayan ɗaya ai shi nake yi tun kafin a haife ki."

Suka ɗan yi dariya, ta Malama ba ta kai ciki ba. Sai ta gyara zama, ta dawo shugabar makaranta.

"Duk da haka ki haska min. Ba ruwana da gashin. Fatar nake son in ga ko za ta ƙone."

"Don me, Mama?"

Ba yadda za ta yi, ta faɗi gaskiya. Ta ba ta labarin Auta da takunkumi, da Anti da taswirarta. Likitar ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ta ba.

"'Yar taki launinku ɗaya?"

"Ta fi ni duhu. Babanta ta ɗauko."

"To kin gani. Ko launinku ɗaya ne ma, fatarki ba tata ba ce. Shekarunku daban, gashinku daban, ita kuma tana da tabo. In na haska miki aka tashi lafiya, bai gaya mana komai a kanta ba. Wannan gwajin ba a yi wa wani, Mama. Ki kawo ta. In na ga fatarta ba ta shirya ba, ni da kaina zan ce a dakata."

Malama ta sauko matakalar ginin tana riƙe da ƙarfen gefe. Makonni ta yi tana tsoma gwiwar hannu a ruwan da ba shi za a yi wankan da shi ba.

Ta tarar da Auta zaune bakin gado da littafi a cinya, ba karantawa take ba. Malama ta rufe ƙofa, ta zauna kusa da ita. Ta shirya jawabi tun a mota, amma ko kalma ɗaya ba ta zo ba. Sai kawai ta kai hannu ta kwance mayafin, ta ɗaga haɓa.

Auta ta duba. Ta sake dubawa. Ta miƙo yatsa kamar za ta taɓa, ta janye.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in yi aure."

"Tun kafin..." Muryar ta karye. "Umma, sau nawa na tambaye ki daga ina na kwaso wannan abu? Kika ce ikon Allah ne. Ina kuka a ɗakin nan, ina ganin ni kaɗai ce a duniya, ashe bango ɗaya ne tsakanina da ke."

Kunya ta rufe Malama, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko a gaban likitar. Ta yi wa yarinyar nan komai, ta kai ta asibiti, ta saya mata mayuka, ta hana yayyenta tsokanarta. Abu ɗaya da ba ya buƙatar ko fita ƙofar gida, shi ta hana ta.

"Na je wurin likitar taki," ta ce daga ƙarshe. "Na so a fara da ni. Ta ce na makara, nawa ya yi fari. Tsoron bai bar ni ba, Auta, kada ki ɗauka ya bar ni. Amma ki shirya mu je."

Auta ba ta rungume ta ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta dai sa hannu ta share idonta, ta ce, "To."

Sai da likitar ta sa Auta ta yi nata jiran, ta ba ta man da zai kwantar da ƙurajen, ta gargaɗe ta kan rana da tsigewa. Ranar gwaji aka ba su baƙin tabarau su uku. Malama ta tsaya gefen gadon, ɗakin ya yi mata duhu-duhu, ba ta ganin komai sosai sai farar rigar likitar. Ta ji iska mai sanyi tana huci, ta ji na'urar ta yi ƙara 'yar kaɗan, Auta ta matse mata hannu. Sai warin ƙonannen gashi ya bugi hancinta. Irin warin da ta ji a jikin Anti ranar nan.

"Tsaya! Likita, tsaya!"

"An gama, Mama. Gashin ne kika ji, ba fata ba."

"Umma, kamar an ɗana mini roba ne kawai," in ji Auta. "Ke ce kike karya mini yatsu."

Wurin bai fi faɗin babban yatsa ba, a ƙarƙashin muƙamuƙi na hagu. Ya ɗan tasa, gindin kowane gashi ya yi ƙullutu. Likitar ta ce haka ake so, zai sauka. In ya yi bororo ko ɓawo, a kira ta nan take. Ta ƙara da cewa baƙar fata takan yi jinkirin nuna fushinta, saboda haka ko sun ga lafiya, ba za ta ci gaba ba sai an ƙara jira.

Jiran nan ya fi komai cin ran Malama. Ta zama mai neman dalili. Ta shiga ɗakin Auta neman almakashin da ke hannunta. Ta ce mata ta ɗaga kai ta duba ko fanka na juyawa daidai. A ofis tana sa hannu a takarda, sai ta ga bororo yana tasowa a idon zuciyarta, ta ɗauki waya ta kira gida.

"Umma, wallahi yana nan inda kika bar shi," in ji Auta, ta kashe.

Anti ma ta zo da kanta, ta kama haɓar yarinyar ta karkata ta wajen haske, ta ce, "Ni a rana irin ta yau ai na riga na nuna, saura ci." Ta yi dariyarta. Amma Malama ta ga yadda ta daɗe ba ta saki haɓar ba.

Ranar hutun ƙarshen mako da hantsi, Malama ta ɗauko hantsakinta da ta dawo da shi daga ofis. Ta nufi banɗaki, har ta kai hannu kan famfo, sai ta ji murya a bayanta.

"Umma, kawo."

Auta ce, ba takunkumi, ko da yake a gida ne kawai ta fara ajiye shi.

"Likita ta hana ki tsigewa."

"Nawa ta hana. Zo nan wajen taga, kin tsuntsunkule fatarki duk."

Malama ta bi ta zuwa falo, ta kwanta a doguwar kujera ta ɗora kai a cinyar 'yarta, ta ɗaga haɓa. Maigidan ya shigo da jarida, ya ga abin da ake yi, ya ce, "Ashe haƙorin ya warke," ya juya ya fita abinsa, ko mamaki bai yi ba. Malama ta rufe ido don kunya, Auta ta ƙyalƙyale da dariya, irin wadda gidan ya daɗe bai ji ba.

Hantsakin ya fara aiki. Hannun yarinyar ya fi nata taushi. Da Malama ta buɗe ido, sai ta ga ashe daga inda take kwance, ƙarƙashin muƙamuƙin Auta yana saitin idonta, hasken taga ya sauka a kansa. Ta fara neman wurin gwajin. Ta bi daga kunne zuwa haɓa, ta dawo. Ga tsofaffin tabon nan, ta san su duka. Amma wurin da aka haska, ta neme shi ta rasa.

"Umma, kin daina numfashi."

"Ina yi."

"Ki daina kallo, likita ta ce da sauran jira."

"Na sani."

Auta ta cire wani farin gashi, ta goge a bayan hannunta, ta karkata kan uwarta kaɗan. Malama ta bar ta ta karkata shi, amma idonta bai bar wurin ba.